Mai jirgin ruwa da mahaukaciyar guguwa

Kwanakin nan na dan shagaltu da bibiyar mutanen nan da ke zaune a cikin kananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a yankin Karibiyan, mutum da matarsa wani lokacin har da yara, jirgin shi ne gidan shi ne motar shi ne duk abin da suka tara. Abin da ya fi daukar min hankali ba yawon ba ne, yadda suke fama da mahaukaciyar guguwa ne duk shekara daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Kuma da yawa daga cikin manyan guguwowin nan daga wajenmu suke tasowa fa, hadarin damina da ke ratsa Sahel yana yin yamma, in ya fada teku ta wajen Senegal da Cape Verde ya samu ruwa mai dumi sai ya fara juyawa yana kara karfi. Guguwar da aka sa wa suna Irma ta 2017 ma can ta faro a karshen Agusta, ranar 6 ga Satumba ta isa Barbuda da St Martin da British Virgin Islands da iska mai gudun kusan kilomita 285 a awa.

Toh mai jirgi ya zai yi? Jirgin nan fa ba ya sauri, dan keke ma zai iya wuce shi, don haka gudu sai dai tun da wuri. Shi ya sa da yawansu tun kafin lokacin suke gangarawa kudu zuwa Grenada ko Trinidad, kamfanonin inshora ma sukan ja layi a taswira su ce in guguwa ta same ka a cikin yankin nan a wadannan watannin to sai da sharudda, ko kuma ba ruwanmu. Shekara da shekaru ana ganin Grenada tudun mun tsira ce don tun Janet ta 1955 ba su ga babba ba, sai ga Ivan a Satumbar 2004 ta zo ta kwantar da jirage a kan junansu har wadanda aka fitar aka ajiye a tudu.

Wanda bai samu tafiya ba kuwa aiki ne ja a gabansa. Farko zai tube jirgin kaf, filafilan da iska ke turawa, rumfa, sola, karamin kwale-kwalen da suke zuwa bakin teku da shi, duk abin da iska za ta iya kamawa sai ya sauka, saboda in gudun iska ya ninka biyu karfin turinta ninki hudu yake yi. Sannan maganar igiya, ni nan ne ma na fi jin abin, don sau tari ba karfin ja ke tsinka igiya kai tsaye ba, goga ce, tana gogar karfen bakin jirgi awa da awanni har ta cinye, ta nailan ma zafi take dauka daga ciki saboda mikewa da komawa har ta narke. Shi ya sa za ka ga suna zura ta cikin tsohon tiyo ko su nade ta da kyalle mai kauri a duk inda take taba wani abu, kuma ba guda daya ba, a ninka a kara ninkawa. Wasu su kutsa cikin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri irin na Neja Delta, su cusa hancin jirgin ciki, su daddaure ta ko ina kamar gizo-gizo a tsakiyar sakarsa, su jefa anka, wato karfen da ke rike jirgi a kasan ruwa, biyu ko uku ta baya. Masu hali kuma a daga musu jirgin da injin daga kaya, a cire dogon sandan da ke rike filafilai, a haka rami a zaunar da karfen nan mai nauyi na karkashi, a daure da bel har kasa.

Duk da haka ba tabbas. Kai ka daure naka da kyau amma na makwabcinka ya balle ya zo ya fado maka, haka aka yi a Paraquita Bay da ke British Virgin Islands a lokacin Irma, jirage jibge a kan juna wasu a kife. Beryl ma ranar 1 ga Yulin 2024 ta samu wadanda suka buya a cikin itatuwan Tyrell Bay a tsibirin Carriacou na kasar Grenada ta yi musu mummunar barna.

Ni dai inda na tsaya shi ne, in ka gama daurin nan ka dauki fasfo da takardun jirgi da iyalinka ka hau tudu. Na san da wuya wallahi, mutum ya juya wa gidansa baya, kuma akwai masu cewa zama a ciki ne ya ceci jirginsu don sun rika sauya igiya suna tada inji. Amma a iskar da mutum ba ya iya tsayawa da kafarsa, ruwa na dukan fuska ko ido ba ya buduwa, ga duhu, me za ka gyara? A Oktoban 1998 wani katon jirgi mai suna Fantome ya sauke fasinjojinsa a Belize ya fita teku don kauce wa guguwar Mitch, guguwar ta karkata ta same shi kusa da Honduras, ma'aikata 31 ne a ciki kuma babu ko daya da ya dawo.