Shafi na huɗu a takardar Hajiya

Ranar Lahadi da daddare Hajiya, abokiyar aikinmu, ta turo takardar horon sababbin ma'aikatan rigakafi a zauren WhatsApp na asibitinmu. Shafi tara ce, da Hausa, ita da kanta ta zauna ta rubuta bayan tashi daga aiki, saboda yaran da za mu horar ba sa shiri da ƙaton littafin nan na Turanci. Kafin ma ta gama buɗewa a wayata, zaure ya cika da "Allah ya saka da alheri".

A shafi na huɗu na ci birki. Ta ce a ciro fakitin ƙanƙara daga firiza, a jera a akwatin sanyi, a sa allurai a rufe. Ba ta ce a jira ƙanƙarar ta saki ba. Tsohon hannu zai cike gurbin da kansa, amma sabon yaro abin da ya gani a rubuce shi zai yi. Ita kuwa allurar Penta, mai kare yara daga cututtuka biyar har da mashaƙo, ba ta shiri da daskarewa, kuma ƙanƙarar da ba ta saki ba tana iya daskarar da ita. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, in ta daskare ƙarfinta ya tafi, kuma in ta narke ba lallai ido ya gane ba. Uwa za ta goyo ɗanta a sati 6, da 10, da 14, ta sha rana a layi, ta koma gida da kati cike da sa hannu, tana ganin ta kare shi. Mu da muka ga abin da mashaƙo ya yi wa yara a Kano a 2023, wannan ba abin da za mu kawar da kai ba ne.

Har na fara rubutu a zauren, sai na goge. Na taɓa yin haka shekara biyu da suka wuce. Wani abokin aikinmu ya turo jadawali, na kama masa kuskure a gaban mutum sama da talatin, kuma da gaskiyata. Ya gyara, ya yi godiya, daga ranar bai ƙara turo komai ba. Har yau abin yana ci min rai, don duk cikinmu babu wanda ya kai shi iya tsara bayani.

Litinin da sassafe na buga shafin, na iske ta a ɗakin firji tana rubuta awon sanyi a takardar da ke manne jikin ƙofa. Bayan mun gaisa na fara da abin da ya burge ni tsakani da Allah, wato yadda ta yi bayanin tambarin jikin kwalba: muddin murabba'in ciki ya fi da'irar haske, zafi bai ɓata allurar ba. Sannan na ce, "Hajiya, akwai wuri ɗaya da nake tsoron yaran za su ɗauka a baibai." Na nuna mata layin, da abin da na rubuta a gefe da fensir: a bar fakitin kan tebur har ya yi gumi, a girgiza a ji ruwa na motsi a ciki, sannan a sa.

Ta daɗe tana kallon takardar. "Kin ga illar sabo ke nan, 'yar nan. Hannuna ya riga ya sani, shi ya sa na tsallake." Ta karɓi fensirin, ita ma ta gano wani giɓin da ni ban lura da shi ba: ba ta faɗi cewa allurar ƙyanda da BCG ta tarin fuka, in an haɗa su da ruwansu, ba sa wuce awa 6.

Muka kira ɗaya daga cikin sababbin 'yan matan, muka miƙa mata shafin da akwati, muka ce ta bi abin da ta karanta, mu ba za mu ce uffan ba. Ta ɗauki fakitin ta kara a kunne, ta girgiza, ta mayar kan tebur.

"Anti, wannan bai yi ba tukuna," in ji ta.