Daren da na tare wa ɓarawo hanya a gidana, da gyaran da na yi bayansa

Gidana a Banifandu yake, nan Yamai. Katangar bulon siminti ce, ɗakuna uku a jere, makewayi a kusurwar gabas, ƙofar ƙarfe ɗaya a bakin titi. Ɓarawo ya hauro mana cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe uku na dare, an ɗauke wuta, duk muna kwance a tsakar gida kamar kowa a bazara. Uwargida ce ta fara jin motsi. Ta taɓa ni ta ce a hankali, "Malam, akwai mutum wajen moto." Na laluba na ɗauki tocila da taɓarya, na miƙe na nufe shi, ban lura ba ashe na tsaya tsakaninsa da kusurwar da ya hauro. Ya zaro wuƙa. Na kai duka na kuskure, nauyin taɓarya ya ja ni gaba, ya yanke ni a dantse, ya taka gangar ruwa ya haye rufin makewayi ya dira waje. Abin bai kai minti ɗaya ba. Ya tafi da salula biyu da ke kan tabarma, ni kuma na samu ɗinki shida.

Kuskurena na farko shi ne wurin da na tsaya. Wanda ya shigo sata kaya yake so, da zarar an farka kuma ba abin da ke ransa sai hanyar fita. In ka tare wannan hanya, ka mayar da mai neman gudu mai neman ranka. Ga shi da wuya su zo su kaɗai, galibi akwai na biyu a kan katanga ko a waje da moto, wato babur, a kunne. Wasu ma sun sha tiramol kafin su fito, dukan da zai kayar da mai hankali ba ya tsayar da su. Wurin tsayawar maigida shi ne tsakanin ɓarawo da iyalinsa, bayansa na jingine da ƙofar ɗaki, hanyar katanga kuwa a bar ta a buɗe. Na biyu, taɓarya ba makami ba ce. Tana da nauyi, duka ɗaya gare ka, in ka kuskure ka buɗe jikinka duka. Yanzu gora nake ajiyewa, mai tsawon mita ɗaya da rabi, amfaninta tokare mutum daga nesa don kada wuƙa ta iso, ana riƙe ta da hannu biyu ana zungura, ba a ɗaga ta sama. Na uku, na yi shiru. Da na kwarma ihu tun ina kwance, da ya fice ba tare da mun haɗa jiki ba.

Da gari ya waye na zagaya gidan ta waje, na dube shi da idon ɓarawo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Katangata mita biyu da kwata ce, amma akwai ragowar bulo da na jibge a gindinta ta waje tun ƙarshen gini, sun rage mata rabin mita. Ta ciki kuma rufin makewayi ya zama matakala, ganga ta zama ta biyu. Tsayin katanga daga abin da ƙafa za ta taka ake auna shi, ba daga ƙasa ba. Na kwashe bulon, na mayar da ganga tsakiyar gida, na sassare reshen bedi da ya ratso ta kan katanga, na ƙara layi uku na bulo a kusurwar makewayi kaɗai, tunda nan ce mai rauni. Fasassun kwalabe da ake dasawa a siminti ba su da wani tasiri, buhu biyu ko tsohuwar tabarma a ninke sun gama da su. Waya mai ƙaya ta fi, in an ɗaure ta layi uku a kan ƙarafan da suka karkata waje, tazarar kamar santimita 15 tsakanin layi da layi, an kuma ja ta ta yi tauri. Wadda ta saki ana danne ta da ƙafa a wuce. Masu katangar laka su kula da gindinta a damina: ruwa na jiƙa ta, ƙarar ruwan sama a kan kwano na rufe ƙarar haƙa, sai a fasa rami a shigo ta ƙasa.

Ƙofar gida ita ce na fi daɗewa a kanta, don nan moto ke fita. Ɓarawo ta katanga yake shigowa, amma ba ya ɗaga moto ya haura da ita, sai ya buɗe ƙofa ta ciki. Yawancinmu sakata kawai muke turawa da dare, wadda ko yaro zai zare. Dole sakatar ciki ta samu kwado, makullin kuma ya kwana a ɗaki, kada a rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa. Kwadon ma akwai magana. Mai siririn hannu, almakashin yanka ƙarfe na datse shi cikin daƙiƙa kaɗan. Na sa mai walda ya yi masa ɗan akwati na ƙarfe mai kaurin milimita 3, buɗe ta ƙasa kawai, yadda hannu da makulli za su shiga amma bakin almakashi ba zai samu wurin kamawa ba. Sai maratayan ƙofa. Irin waɗanda ake zurawa daga sama, in aka sa ƙarfe a ƙarƙashin ƙofar aka bankara, sai ta fita daga mazauninta, kwadon na nan a kulle. Maganinsa ɗan guntun ƙarfe da za a yi wa walda a jikin firam, santimita ɗaya a saman kowane marataya, ko a juya ɗaya daga cikinsu ya kalli ƙasa. Aikin rabin awa ne. Na sayo ƙarafan a kasuwar Katako, mai walda ya zo gida da injinsa. Ita moto kuma na haƙa rami mai zurfin santimita 40, na dasa zoben rodi mai lamba 14, wato kaurin milimita 14, a cikin kankare, na samo sarƙa mai kauri. A firam ake zura sarƙar, don taya ana kwance ta. Tukunyar gas ma ɗaki take kwana yanzu, haka ragon layya in sallah ta matso ba ya kwana kusa da ƙofa.

Tagogi: rodi mai lamba 12 ko 14, tazara kada ta wuce santimita 12, a kuma gicciya masa ƙarfe a kowane santimita 40. In babu na gicciye, jak ɗin mota na buɗa rodi biyu har mutum ya shige. Ƙafafun firam su nutse cikin bango aƙalla santimita 10 da siminti mai ƙarfi, don na ga inda aka cire taga ɗungurungum saboda a filasta kawai aka liƙa ta. Ramin na'urar sanyaya ɗaki shi ma ƙofa ce, a yi masa keji. Amma a nan akwai haɗarin da mutane ke mantawa: gidan da ɓarawo ba zai iya shiga ba, in gobara ta tashi mutanen ciki ma ba za su iya fita ba. Taga ɗaya a ɗakin kwana na sa an yi ta mai buɗewa, da kwado ta ciki, makullinta a rataye inda babba zai kai hannu cikin duhu amma ba a hango shi daga waje. Kuma kada a yi cajin salula a bakin taga. Doguwar sanda mai ƙugiya ta isa, ba sai an shigo ba.

Haske kuwa, wanda ya dogara da wutar gari bai shirya ba. Duk wanda ke Yamai a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin wutar da ke zuwa mana, ya san yadda unguwa ke zama in duhu ya rufe ta. Na sa fitilu uku masu aiki da hasken rana, irin masu kamawa da kansu in sun ji motsi. Ta farko da na ɗaura na yi kuskure, na sa ta a kan katanga tana kallon ɗakuna, sai ya zama ni take haskawa tana kashe mini ido, mai shigowa na cikin inuwa. A jikin ɗaki ake ɗaura ta, sama da mita uku yadda hannu ba zai kai ba, tana kallon katanga da ƙofa. Ƙurar hunturu na rufe allon, batir ya kasa cika, fitila ta mutu tun kafin tsakar dare, daidai lokacin da ake bukatarta. Ina goge allon kowace Juma'a. Zafin bazara ma na cin batir, don haka nakan gwada su da asuba, in hasken ya yi ja na san lokacin canji ya yi.

Ban ajiye kare ba, don ana jefa masa nama mai guba kwana ɗaya ko biyu kafin a zo. Wanda karensa ya mutu haka kawai ya kwana da ido ɗaya a wannan mako. Zabi biyar gare ni, su ne ke kuka in sun ji baƙon motsi. Maƙwabta sun yi ƙorafin kukansu da farko, yanzu sun daina.

Abin da ya fi duk ƙarfen nan amfani shi ne shirin da muka yi da mutanen gida. Ɗakin uwargida muka zaɓa ya zama mafaka: ƙofar ƙarfe, sakata biyu sama da ƙasa, tocila, usur, da ƙaramar salula mai maɓalli wadda cajinta ke kwana da kwanaki, da kuɗin kira a ciki. Duk wanda ya ji motsi ba ya zuwa dubawa. Uwargida ta kwashi ƙanana, babbar ɗiyata ta kama hannun kakarta, ni ne na ƙarshen shiga, a tura sakata, sannan a hura usur a yi ihun "Ɓarawo!" ta taga. Mun gwada da rana sau uku. Karon farko ya ɗauke mu fiye da minti biyu saboda takalma da bokiti a bakin ƙofa, da kuma tsohuwa da ta tsaya neman carbinta. Da muka share hanya muka sauya wurin shimfiɗa, tsohuwa da yara suka koma dab da ƙofar, ya dawo ƙasa da rabin minti. A bazara ba mu fasa kwana a waje ba, zafin Yamai ba ya barin mutum, sai dai salula da makullai suna ciki.

Kafin ka ɗaga sanda a kan kowa, haska fuskarsa ka yi magana. Wanda ke haurowa ƙarfe biyu na dare zai iya zama ɗanka da ya daɗe a fada, wurin hirar samari, yana tsoron buga ƙofa, ko mai taɓin hankali, ko almajirin da ruwa ya koro. Na gaya wa samarin gidana, ko ƙarfe nawa ne su buga ƙofa, faɗan da zan yi musu ya fi sauƙi a kan abin da zai faru cikin duhu.

Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. A kira su, amma maƙwabci ne ke riga kowa isowa. Mu gida takwas ne a layinmu, kowa ya sayi usur, muka yi alkawari wanda ya ji ya hura nasa, ya kunna fitila, ya doki ƙofarsa ta ciki, kada kowa ya fito shi kaɗai sai an kai mutum uku. Samarin fadar bakin layi, da a da nake ganin hayaniyarsu kawai, su ne idon unguwa har wajen ƙarfe biyu. Nakan aika musu sukari da ganyen shayi, sun kuma san motar kowa da baƙon kowa. Malaminmu ya tuna mana hadisin da ke cikin Nasa'i, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da mai zuwa ƙwace dukiya: ya ce a tuna masa Allah, in ya ƙi a nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan hukuma, faɗa shi ne ya zo a ƙarshe.

In ya gudu kada a bi shi cikin lungu, ba ka san su nawa ke jira ba. In kuma an kama shi, a nan aikin maigida ke ƙara nauyi, don jama'a in sun taru ba su da linzami. Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar ta yarda mutum ya kare kansa da iyalinsa lokacin da haɗari ke kansa. Wanda aka riga aka ɗaure ba shi da sauran haɗari, dukansa laifi ne, in ya mutu a ƙofarka kai za a fara tambaya. A shigar da shi zaure a rufe, a kira mai unguwa da ƴan sanda ko jandarma. Bindiga kuma sai da izinin hukuma, ni ban nema ba, gida mai yara da baƙi ba na son ta a ciki.

Bayan ya fita, mutane ake fara ƙirgawa kafin kaya. Raunin wuƙa a danne shi da tsumma mai tsabta da ƙarfi, minti goma ba ɗagawa ana leƙe, in jini ya ratso a ƙara wani a kai, a ɗaga hannun sama, a tafi asibiti. Kada a zuba toka ko garin magani. A tambayi allurar tetanus, a karɓi takardar likita, don za a neme ta a kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda. Kada a share sawu ko a taɓa abin da ya yar kafin ƴan sanda su gani. Da safe a toshe layukan salular da aka sace, musamman in akwai kuɗi a cikinsu. A kwamisariya abin da suka fara tambayata shi ne lambar IMEI ta salulolin, wato lambar shaidar da kowace salula ke da tata, ni kuwa ban da ita, kwalayen ma na daɗe da zubarwa. Ana samunta in an danna *#06#. Yanzu na rubuta ta kowace salula ta gidan a littafi ɗaya, tare da lambar firam da ta injin moto, na ɗauki hoton takardun moton, littafin kuma yana cikin akwatin uwargida a ɗakin da muke fakewa.