Aikin Land Cruiser 80: inda aka kwana kan maganar taya

'Yan'uwa masu koyo, an gama da birki da shokozoba, yanzu aiki ya iso kan taya. Motar da ke hannu Land Cruiser ce samfurin 80, irin wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, mai rim inci 16 da faɗin inci 8. Lissafin da za mu bi zai yi aiki a kan Pajero da Patrol da Prado, lambobin ne kawai za su canza.

Abin farko shi ne sanin girman da motar ta fito da shi. Kada a dogara da tayar da aka tarar a jikinta, domin motar da ta kai shekara talatin ta sha hannu. A duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar. Da yawa daga cikin 80 masu faffaɗan rim sun zo ne da 275/70R16, su kuwa na aikin daji masu siririn rim mai zobe sun zo da 7.50R16 mai tub a ciki.

Ga yadda ake karanta lambar. A 275/70R16, 275 faɗin taya ne a milimita. 70 ɗin nan ba milimita ba ne, yana nufin tsayin gefen taya kashi 70 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 192.5. Shi kuma 16 girman rim ne a inci, wanda ya kama milimita 406.4. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, don haka a ninka 192.5 sau biyu a tara da 406.4, za a samu kusan 791. Wannan shi ne tsayin taya daga ƙasa zuwa sama, kuma da shi ake yanke hukunci. Mai shago ya kan ce "ai duk sha shida ce", wannan magana rim kaɗai ta shafa.

Da wannan lissafi aka auna huɗu da ake yawan kawowa. 265/75R16 ta ba da 804, 235/85R16 ta ba da 806, 285/75R16 ta ba da 834, ita ce ake kira inci 33, sai 315/75R16 mai 879, wadda ake kira inci 35. Ku lura da ta biyun: ta fi kowacce siranta, amma ta fi ta asali tsayi. Ƙaramar lamba a farko ba ta nufin gajeriyar taya.

Me ake samu idan an ƙara tsayi? Rabinsa kawai. 285/75 ta ɗara ta asali da milimita 43, don haka aksul zai tashi daga ƙasa da milimita 21, kaurin ɗan yatsa ke nan. Abin da ake biya ya fi haka yawa. Ƙarin ya haura kashi 5 cikin ɗari, saboda haka idan allura ta nuna 100, motar tana gudun kusan 105, maleji kuma yana ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, wanda ke rikita lokacin juyen mai. Giyar aksul da ke 4.10, wato farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, za ta zama kamar 3.89. Injin fetur na 1FZ mai lita 4.5 ba zai damu sosai ba, amma 1HZ na gas, wanda ba shi da tabo, zai nuna a hawan tudu da kaya: inda da ake wucewa da giya huɗu sai an sauko uku. Birki ma yana ƙara wahala, domin taya mai nauyi da tsayi ta fi wuyar tsayarwa.

Inci 35 kuwa ba taya kaɗai ake saye ba. Ƙarin kashi 11 ne, giya ta koma kamar 3.69, sai an ɗaga mota, sai an canza haƙoran aksul gaba da baya zuwa 4.56 ko 4.88, ga boris da gwiwar aksul ta gaba suna cin nauyin da ba nasu ba. Safaya ma ba za ta zauna a gurbinta na ƙarƙashi ba. Ga motar da aikinta kwalta ne da burji da yashin ƙauye, wannan kashe kuɗi ne marar riba, kuma an ajiye shi gefe.

An tsaya kan 265/75R16. Bambancinta da ta asali bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, ta dace da rim mai faɗin inci 7 zuwa 8, kuma ana samunta cikin sauƙi idan ɗaya ta fashe a hanya. Mai siririn rim na inci 6 ya ɗauki 235/85R16. Kada a matsa ta a kan inci 8, gefenta zai buɗe, dutse ya samu wurin yanka.

Maganar rim tana da nata tarkon. Noti shida ne, a kan da'irar milimita 139.7, kuma na Prado da na Hilux masu noti shida ma haka suke, shi ya sa ake ganin za su shiga. Suna shiga, amma da yawansu suna jan taya ciki, sai ta riƙa gogar ƙarfen da ke riƙe da aksul idan an murɗe sitiyari. A duba ramin tsakiya ko ya wuce kan hob ɗin gaba. Na Land Cruiser samfurin 100 noti biyar ne, babu maganarsa. Rim inci 15 kuma ba ya hawa kan manyan birkin 80 na baya-bayan nan. Notin rim na ƙarfe daban yake da na alminiyam, ba a musanya su.

Abin da ya fi kashe waɗannan motoci shi ne gauraya girma. A ce uku 275/70 ne, ɗaya 265/70, a ido kusan ɗaya suke. Amma babbar tana juyi kamar 402 a kilomita guda, ƙaramar 409. A motar da ƙafafunta huɗu ke ja koyaushe, giyar tsakiya ce ke shanye wannan bambanci ba hutu, har ta yi zafi ta lalace. A wadda ake sa mata giyar ƙafa huɗu da hannu, farfela ce ke ɗaurewa, giyar ta ƙi fita. Tayoyi biyar, har da safaya, su zama girma ɗaya, zane ɗaya, cinyewarsu ma kusa da juna.

Kafin a biya kuɗi, a karanta sauran rubutun gefe. Lambar da ke bin girma ta nauyi ce: 112 na ɗaukar kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 123 kilo 1,550. Kada a sauka ƙasa da abin da takardar ƙofa ta ce, mai lodi kuma ya nemi mai harafin LT, gefenta ya fi kauri. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT su ne ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane cike alhali ta haura shekara goma, robar ta bushe, ga tsaga a gindin zanen. Waɗanda aka yi don ƙanƙarar Turai robarsu laushi gare ta, kwaltar watan Afrilu tana cinye su da wuri.

Bayan an ɗaura, an yi gwajin goga. Ana shafa alli a kafaɗar taya, a murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da baya, sannan a hau tudu da ƙafa ɗaya ta gaba har ta baya ta ɗaya gefen ta nutse cikin madigadi. Duk inda alli ya bar shaida, nan take taɓawa. Sifirin da ya gaji yana sa ko tayar da ta dace ta yi goga, sai a gyara shi tukuna.

Iska ana auna ta da safe kafin mota ta motsa, bisa abin da takardar ƙofa ta nuna. A yashi mai zurfi ana iya saukewa zuwa psi 18 ko 20 a geji, a tafi a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, don kada taya ta zame daga bakin rim, a kuma mayar da iskar kafin a hau kwalta. Abin da ya rage yanzu shi ne balansi da saita ƙafa, sai a sake bin notuna da sifana bayan kilomita 100 na farko.