Godiya bayan karaya, da ra'ayina a kan dawakanmu na Kalamazoo

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, shekaranjiya likita ya ce in ajiye sanda ɗaya in fara takawa da ɗayar. Wata uku ke nan tun daren da na zame a kan ƙanƙara na karye a idon sawun dama. Tun ina kwance na yi wa kaina alkawarin cewa ranar da na miƙe zan yi godiya a bainar jama'a, domin waɗanda suka tsaya mini sun fi ƙarfin in bi su ɗaya-ɗaya a waya. Ba zan kama sunan kowa ba. Mutum biyu sun riga sun ja mini kunne a kan haka, kuma na san kowa zai gane kansa.

'Yan gida da ke karantawa daga Zariya, ku yi haƙuri in ɗan warware, tunda har yanzu wasu na tambaya ta yadda aka yi. Ina karatu a Jami'ar Western Michigan da ke garin Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka, kuma abin da ya fitar da ni cikin sanyin daren nan na ƙarshen Janairu kallon hoki ne na kan ƙanƙara. Da na faɗa wa Innarmu a waya sai ta ce, “Kai da aka tura neman ilimi, me ya haɗa ka da wasan ƙanƙara?” Na ce, “Inna, kallo kawai na je.” Ta ce, “To ai ga shi nan ka gani.” Ban sami amsa ba har yau.

Wanda ya jefa ni cikin wannan harka shi ne maigidan da nake haya a gidansa, wani dattijo da ya ce tun yana saurayi yake zuwa filin Lawson, wanda aka buɗe a 1974. Shekara uku da suka wuce ya ga ina zaman kaɗaici a ƙarshen mako, ya miƙo mini tikiti. Na je don kada in watsa masa ƙasa a ido. Mutum shida-shida ne a fili, har da gola, sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Ni tun ranar farko ƙuli-ƙuli nake ce masa, kuma dattijon ya kama, har ya fi ni faɗa. Ana yin wasan kashi uku, minti 20 kowanne, wanda ya yi laifi kuma a kulle shi a wani ɗan akurki na minti biyu, 'yan'uwansa su ci gaba da mutum huɗu a kan biyar. Filin bai kai cin mutum 4,000 ba, amma ɗaliban da ke kiran kansu Lawson Lunatics, wato mahaukatan Lawson, idan suka sa golan baƙi a gaba da tsiya sai ka tausaya masa. Sunan ƙungiyar jami'armu Broncos, dawakan da ba a hore ba.

Faɗuwar laifina ce, ba ta kowa ba. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa na sa, wanda na taho da shi daga gida, alhali na sanyin yana ajiye a bakin ƙofa. Muna fitowa bayan an tashi, ina tafe ina surutu ina nuna yadda aka ci ƙwallo, sai na taka irin ƙanƙarar nan da ke kwanciya a kan kwalta ba ka ganinta. Ƙarar ƙashin na fara ji kafin zafin. Godiyata ta farko ga 'yan mata biyu ce, ɗalibai, da ban san su ba, ban kuma sake ganinsu ba. Ɗaya ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ni ta tsaya da 'yar rigar ƙungiya tana kaɗuwa, ɗayar ta durƙusa ta riƙe mini ƙafar don kada in motsa ta. Ta ciro waya za ta kira motar asibiti, ni kuwa da hawaye a ido nake roƙonta ta bari, don na sha jin labarin kuɗin motar nan. Suka tsaya da ni har dattijo ya zagayo da tasa motar. In wannan rubutu ya kai gare ku ta kowace hanya, Allah Ya saka muku da alheri.

An yi mini tiyata an sa ƙarfe, aka ce mako shida kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Ɗakina a sama yake. Kafin a sallamo ni maigidana da matarsa sun kwashe kayan ɗinkinta daga ɗakin ƙasa sun sauko da gadona da littattafaina, har da dardumar salla, wadda matar ta shimfiɗa tana fuskantar daidai inda ta saba ganin ina fuskanta. Ba su ƙara mini ko sisi a kuɗin haya ba. Na gode wa Yayanmu ɗan Maraɗi, wanda ke tashi daga aikin dare ya kai ni ganin likita bai runtsa ba, yana tuƙi yana yi mini faɗa a kan takalmi. Na gode wa Hajiyarmu 'yar zangon Kumasi, wadda ta rantse cewa ƙashi ba ya haɗuwa da burodi, ta rinƙa aiko tuwo da miyar kuka da farfesun ƙafar sa. Na gode wa malamin da ke duba aikina, da ya ɗaga mini wa'adi tun ban buɗe baki ba, da abokan ɗakin bincike da suka raba aikina a tsakaninsu, da matar da ke gasa mini ƙafa a asibiti, wadda ba ta san tausayi ba idan ana motsa jiki, kuma shi ya sa nake takawa yau. Jama'ar masallaci kuwa, azumin bana ban taɓa buɗa baki ni kaɗai ba.

To, a kwancen nan ne na kalli ƙarshen kakar 2024-25, wadda Broncos suka ci kofin ƙasa na jami'o'in Amurka a cikinta, kuma tunda na sha alwashi a majalisarmu cewa zan faɗi ra'ayina in aka gama, ga shi.

Da farko ni ban yarda da su ba. Na ga yadda aka fitar da su a wasan farko na gasar ƙasa shekara biyu a jere: Jami'ar Boston ta lallasa su 5-1 a 2023, Michigan State ta cire su 5-4 a ƙarin lokaci a 2024. Na riga na yanke cewa ƙungiya ce mai daɗin kallo a gida, wadda ke sanyin jiki idan aka zo wurin da ba a yin kuskure sau biyu. Na faɗa wa dattijo haka, ya ce in dai bari.

Abin da ya sauya mini tunani wasan ƙarshe ne na gasar rukuninsu, NCHC, ranar 22 ga Maris a St. Paul. Denver, masu riƙe da kofin ƙasa, sun sa mana uku ba ko ɗaya. Na ce a kashe talabijin in huta da ciwo biyu, matar gida ta ɓoye rimot. A kashi na uku yaran suka farke duka ukun, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci shi ke nan an tashi, aka gama na farko ba ci, a na biyu Alex Bump ya jefa. Kwana biyar bayan haka a garin Fargo, a wasan farko na gasar ƙasa, Minnesota State suka tsare gida kamar an gina katanga, aka sake kaiwa ƙarin lokaci na biyu kafin Grant Slukynsky ya raba gardama, 2-1. Ranar a gaban talabijin muka sha ruwa, dabino a hannu, Yaya yana cewa a tashi a yi magariba tukuna, kuma shi ne ya fi kowa saurin sallamewa. Jajiberin salla suka doke Jami'ar Massachusetts (UMass), ita ma 2-1.

A ganina ba tauraro ɗaya ya kawo kofin nan ba, duk da kowa Bump yake ambata, kuma ya cancanta. A hoki ba a barin mutum a fili fiye da kamar minti ɗaya, ana ta sauya su layi-layi ana cikin wasa, saboda haka ƙungiyar da layinta na uku da na huɗu ba su da ƙarfi tana fara haki ne idan wasa ya yi tsawo. Koci Pat Ferschweiler, wanda shi ma ya buga wa wannan jami'a kafin ya karɓi ragamarta a 2021, yana juya layukansa huɗu ba tare da tsoro ba. Shi ya sa wasa uku da suka kai ƙarin lokaci na biyu cikin mako uku duk mu muka ci. Wasu na cewa sa'a ce. Sa'a sau ɗaya na yarda, amma ni na ga ƙafafun abokan hamayya suna nauyi namu suna gudu. Sai kuma gola, Hampton Slukynsky, ƙanin Grant, yaro ɗan shekarar farko. Shi da Cameron Rowe suke karɓa-karɓa a raga, da aka zo ƙarshen kaka koci ya bar wa yaron. Na yi ƙorafi a lokacin, na ce ana cire babba a sa yaro a irin wannan wuri? Na janye maganata.

Amma ba zan rufe ido a kan aibinsu ba. Wasan kusa da na ƙarshe da Denver ranar 10 ga Afrilu bai kamata ya kai inda ya kai ba. Mun danne su, muna gaba 2-0, golansu Matt Davis ne kaɗai ya hana abin ya zama cin mutunci. Sai a kashi na uku muka ja baya muna jiran agogo, suka farke biyun. Ƙungiyar da ta saba cin kofi ba ka ba ta numfashi, mu da kanmu mun nuna musu haka mako uku kafin nan. Da Owen Michaels bai jefa ba daƙiƙa 26 da shiga ƙarin lokaci na biyu, da yanzu wani rubutun daban nake yi, kuma da ba a ji daɗinsa ba.

Daren nan ne aka yi mini abin da ya sa dole in rubuta wannan. Ihu bai gama lafawa ba dattijo ya ce, “Jibi muna St. Louis.” Can ne za a buga wasan ƙarshe. Na nuna masa takalmin roban da ke ƙafata da sandunana biyu. Ya ce shekara 50 yake jira, ba zai je ya bar wanda ya karye a kan hanyar Lawson ba. Daga baya na gano cewa 'yan majalisarmu ne suka haɗa kuɗin tikitina a ɓoye, har da waɗanda ba su san bambancin hoki da langa ba. Yaya ya ɗauki hutun kwana biyu ya ja motar, tafiyar awa shida da 'yan kai, ni a kujerar baya ƙafa a miƙe a kan filo uku, kular Hajiya cike da dambun nama da soyayyar kaza a gefena. Duk inda aka tsaya shan mai sai ya zagayo ya tallabe ni. A filin Enterprise Center ma'aikata suka sauya mana wurin zama zuwa inda babu matakala, wani ma'aikaci ya kawo mini kujerar ɗora ƙafa ba tare da na roƙa ba. Shi ma na gode masa.

Wasan ƙarshen, Asabar 12 ga Afrilu 2025, da Jami'ar Boston ne, waɗanda suka kore mu a 2023. Ba a yi minti biyu ba muka ci. Suka farke, muka ƙara biyu, suka rage ya koma 3-2, kuma a nan ne cikina ya ɗuri ruwa, na ce halin nan zai dawo. Bai dawo ba. Wannan karon ba su ja baya ba. Boston sun taso mana haiƙan a farkon kashi na uku, ƙuli-ƙulin ya yi ta yawo a bakin ragarmu, yaron nan da masu tsaron baya suka yi ta faɗawa a kansa, sai Michaels ya kwasa da gudu ya sa na huɗu. Daga nan aka gama magana: 6-2, kofin ƙasa na farko a tarihin ƙungiyar, a wasan ƙarshe na farko da ta taɓa zuwa. Kaka ta ƙare da nasara 34, rashin nasara 7, canjaras 1. Duba waɗanda suka ci ƙwallayen ranar, Bump ba ya ciki, kuma hakan ya ƙara tabbatar mini da abin da na faɗa a sama. Kyaftin Tim Washe yana ɗaga kofi na juya don in yi wa dattijo barka, na same shi zaune ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na rawa. Yaya, wanda ranar ce ta farko da ya ga wasan ido da ido, ya dafa shi yana cewa “sannu Baba, sannu” da Hausa, shi kuma yana gyaɗa kai kamar ya ji.

Badi ba za ta zo da sauƙi ba. Bump ya riga ya sa hannu da ƙungiyar ƙwararru ta Philadelphia Flyers, kuma yanzu kowa mu zai saka a gaba. Zan je Lawson in Allah Ya kai mu, da takalmin sanyi, Inna ta sa na rantse.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya raba ku da ganin irin wannan a kanku da iyalanku. Wanda na manta ya yafe mini. Sannan akwai kula shuɗiya mai tsagaggen murfi da aka aiko mini da kunun gyaɗa a cikinta a goman tsakiya. Hajiya ta ce ba tata ba ce, matar liman ma ta ce ba tata ba ce. Tana nan a wanke, mai ita ya yi magana.