Abin da Wasan Kuɓuta Daga Ɗauri Ya Koya Mini

Tun da na shiga sana'ar dabo a kan dandamali, wasan kuɓuta daga ɗauri ne ya fi cin lokacina, kuma na gane cewa mafi yawan aikin yakan ƙare tun 'yan kallo suna zaton ba a fara ba. Idan mutum biyu suka hau domin su ɗaure ni da igiya, nakan cika ƙirjina da iska, in ɗan buɗa kafaɗu, in ɗame damatsana, ina jan su da hira don hankalinsu ya koma kan bakina. Da zarar na saki numfashi sai igiyar ta yi sako-sako da kamar faɗin yatsa biyu, wannan kuwa ya ishe ni. Doguwar igiya ma ta fi sauƙi, domin mai ɗauri yakan gaji tun bai kai rabi ba, ya koma naɗawa kawai. Wanda nake shakka shi ne mai gajeriyar igiya da ya iya ƙulli. Ankwa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, tunda yawancin na zamani makulli iri ɗaya ke buɗe su.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne jinkiri. Idan na fito cikin daƙiƙa goma, mutane sukan ce ɗaurin na bogi ne, amma idan suka ga gumi da jan fuska, sai tafi ya ɓarke. Shahararren mai wasan kuɓuta Harry Houdini ya shafe sama da sa'a ɗaya a Landan a 1904 yana fama da ankwar da jaridar Daily Mirror ta kawo masa, kuma a ganina wannan doguwar fargabar ce ta sa har yau ake maganar wasan.

Wasan ruwa kam ba na yi masa garaje. A 1930 wani mai dabo da ake kira Genesta ya rasa ransa a Amurka bayan wasan da aka kulle shi a cikin tulun ƙarfe mai cike da ruwa, saboda tulun ya loɓa wajen sauke kaya, murfin ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa ni da kaina nake gwada kowane kwaɗo da murfi kafin a buɗe labule, mataimakina kuma yana tsaye da agogo da abin yanka ƙarfe, da umarnin ya fasa komai idan lokacin da muka yanka ya cika, ko da wasan zai lalace.