Aninin da ke cikin adakar Hajiya

Yau muna kwashe kayan adakar kakarmu, Allah ya jiƙanta, sai ga wani anini ya faɗo daga ƙullin tsumma, mai huda a tsakiya, duk ya yi baƙi. Na goge shi da toka da lemun tsami, tauraro mai kusurwa shida ya fito, sai shekara: 1945. A ɗaya gefen ga sunan Sarki Joji na shida na Ingila da Latinanci, an kira shi sarki kuma sarkin sarakunan Indiya. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, me ya haɗa Hajiya da Indiya?" Na buɗe baki na rasa ta cewa.

Shekarar da aka buga shi ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, samarinmu na can dajin ƙasar Burma suna fafatawa da Japanawa. Bayan shekara biyu Indiya ta samu 'yanci, laƙabin nan ya ɓace daga kuɗin. Ita kuwa Hajiya, wataƙila canjin ƙosai ne ta ƙulle ta manta. Tun ɗazu nake jujjuya shi a hannu, ina tunanin ko ta taɓa sanin sunan mutumin da ke jiki.