Noora Räty da aikin tsaron ragar ƙasa ta uku

A fadarmu da ke unguwar Birni a nan Damagaram, idan gardamar ƙwallo ta kai ga masu tsaron raga, kofuna ake ƙirgawa, wanda ya fi yawa shi ne gwani. Na daɗe ba na yarda da wannan ma'auni, kuma babbar hujjata ta fito ne daga wasan da ba mu da filinsa, wato hoki na kan ƙanƙara, da kuma wata ƴar Finland mai suna Noora Räty wadda ba ta taɓa rataya zinariya ba a gasar duniya ko ta Olamfik.

Ragar da take tsarewa ƙarama ce, faɗinta santimita 183, tsayinta 122. Abin da ake bugowa ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, girmansa kamar marfin gwangwanin madara, nauyinsa kusan giram 170, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Mai tsaro takan zube bisa gwiwoyi ta baje ƙafafu domin toshe ƙasan raga, hannu ɗaya da safar cafkewa, ɗaya da sanda, alhali ƴan wasa sun cunkushe a gabanta sun tare mata gani.

Tun da aka fara gasar duniya ta mata a 1990, aka kuma shigar da wasan cikin Olamfik a Nagano a 1998, Kanada da Amurka ne ke rabon zinariya tsakaninsu, sauran ƙasashe irin su Finland kuma akasari matsayi na uku suke nema. Saboda haka mai tsaron ragar Finland takan shiga fili da sanin cewa a gabanta za a wuni, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rushe aikin minti 60. An haifi Räty a Espoo a 1989, ta buga Olamfik ta Turin a 2006 tana da shekara 16. A gasar duniya ta 2008 a Harbin ta ƙasar Sin ta hana Amurka cin ko ɗaya, Finland ta yi nasara da ci 1 da nema, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Ta samu tagulla a Olamfik ta Vancouver a 2010 da ta Pyeongchang a 2018, sannan da Jami'ar Minnesota ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 2012 da 2013, inda a kaka ta biyu ƙungiyar ta ci wasanninta 41 duka.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2019, a garin haihuwarta. A wasan kusa da na ƙarshe Finland ta doke Kanada da ci 4 da 2, Räty ta tare bugu fiye da 40, abin da ya sa a karon farko aka yi wasan ƙarshe na gasar duniya ba tsakanin manyan biyu ba. Da Amurka aka tashi 1 da 1, aka shiga ƙarin lokaci, Petra Nieminen ta jefa faifan a raga, ƴan Finland suka watsar da sanduna da safar hannu suka rungumi juna. Sai alƙalai suka koma duba bidiyo na fiye da minti goma, suka soke cin bisa hujjar cewa kyaftin Jenni Hiirikoski ta yi karo da mai tsaron ragar Amurka, Alex Rigsby. Dole Räty ta tattara hankalinta ta koma bakin raga bayan ta riga ta yi murnar kofi, kuma ba a ci ta ba har lokacin ya ƙare. A bugun daga kai sai mai tsaron gida ne Amurka ta ɗauke kofin. A lissafin fadarmu, wannan dare asara ce kawai.

Akwai kuma batun abin kai wa baki. Bayan Olamfik ta Sochi a 2014, tana da shekara 24, ta bayyana cewa za ta ajiye wasa idan ba ta samu ƙungiyar da za ta biya ta ba, domin hokin mata ba ya ciyar da mai shi a lokacin. Mafitar da ta samu ita ce ƙungiyar maza ta Kiekko-Vantaa a rukuni na biyu na Finland, daga baya kuma a 2017 ta nufi ƙasar Sin ta tsare ragar Kunlun Red Star, wadda ke buga gasar matan Kanada. Ita ma wannan gasa ta rushe a 2019 saboda rashin kuɗi. Räty tana cikin ƴan wasan da suka haɗa kai suka ƙi shiga kowace gasa a Arewacin Amurka har sai an kafa wadda ke biyan albashi na gaske, amma sabuwar gasar, PWHL, ba ta fara ba sai a watan Janairun 2024, lokacin da shekarunta suka kai 34.